Rigar Sanyi Guda Ɗaya

Daga Beli, ƙasar Rogo.

Zuwa ga 'yata Usaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, an nuna miki gadonki a ɗakin kwanan ɗalibai, kin sa wani abu a cikinki, ƙirjinki kuma yana kwance. Allah Ya sa kin shiga makarantar nan da ƙafar dama, Ya tsare min ke a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan zama masu tausayi.

Labarin gida ba zan ba ki ba, yadda kika bar mu haka muke. Hassana na roƙa ta cusa miki takardar a akwati, don na san in na ce zan faɗa miki da baki, tari zan yi ta yi ina gyara hula har motar ta tashi.

Magana ɗaya ce ta zaunar da ni rubutu. Ranar da kuke haɗa kaya, Innarku ta ce ki kula da ƙirjinki, sai kika ce mata, "Inna, in ya tashi ai sai in tattaro kayana in dawo gida, karatun ba dole ba ne." Ina tsakar gida na ji ki, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi har cikin raina. Sai da na isa gona na tsaya na gane cewa jin daɗin nan nawa shi ne zai kashe miki karatu. Ni na koya miki wannan maganar ba tare da na sani ba. Don haka bari in gaya miki inda na yi ta kuskure a kanki, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

An haife ku da damina, muna tsakiyar noman maimai a gonar gyaɗa. Mutane suna ce muku bakwaini, amma ko bakwainin ba ku cika ba, cikin bai wuce wata shida da 'yan kwanaki ba. Daga asibitin garinmu aka tura mu babban asibiti a Kano, aka sa ku a kwalba, kowa da roba a hanci. Hassana ƙarama ce ƙwarai, ke kuwa kin fi ta ƙanƙanta. Damtsenki bai kai kaurin babban yatsana ba, fatarki ja, ana hango jijiyoyi a cikinta.

Da na dawo gida ɗaukar kaya, duk wanda ya zo yi min barka sai ya ƙare da ba ni haƙuri. Na saurare su, na yanke wa kaina hukunci. Kafin in hau motar komawa na tsaya a kasuwar Rogo wurin Malam Tanimu mai tufafi, wanda kika sani, na ce ya yanko min farin alawayyo. Ya ce, "Na mutum nawa?" Na ce, "Biyu, ƙanana." Ya yanka, ya naɗe ya miƙo min. Likkafaninku ke nan na sa a jaka, kuna raye.

Da wannan jakar nake shiga duba ku. Huɗubar suna ma ta 'yar kafar kwalba na yi muku ita, da sauri, idona a bango. Ina tsoron in kalle ku zuciyata ta kama, a zo a karɓe. Akwai wata nas a ɗakin, doguwar mace mai kaifin baki, kowa Sista yake ce mata. Ita ce ta tare ni wata rana ta ce, "Malam, 'ya'yanka ne ko na maƙwabta? Tun da kake zuwa takalminka kake kallo." Na ɗaga kai na dube ki, sai na tarar kin buɗe ido ɗaya kina motsa baki. Kwanakin da na yi ban kalle ki ba, har yau ina jin takaicinsu.

To ga nasihata ta farko. Kada tsoron rabuwa da abu ya hana ki kama shi da hannu biyu. Kada ki shiga karatun nan da rabin zuciya don kina tunanin wataƙila ba za ki gama ba. Ki yi ƙawaye, ki sayi littattafan shekara duka, ki kafa ƙusa ki rataye hijabinki kamar mai zama.

Da kuka ɗan yi ƙwari aka fito da ku daga kwalba, Sista ta ce abin da ya rage shi ne ɗumin jikin mutum. A kwantar da jariri a ƙirji, fata da fata, a ɗaure, ya wuni a haka. Innarku ba ta gama farfaɗowa ba, in an ɗora mata ku biyu ɗaya sai ta zame. Sista ta juyo ta ce min, "Cire rigarka." Ni da gemuna, a ɗakin da ke cike da mata masu jego. Na ce mata wannan ba aikin maza ba ne, na fita na zauna gindin darbejiya ina jin kaina wani babba. Kafin la'asar jikinki ya yi sanyi, numfashinki ya fara ɗaukewa, aka mayar da ke kwalba. Innarku ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, da ina da ƙirji biyu da ban roƙe ka ba."

Da aka sake fito da ke, ni da kaina na cire rigar tun kafin a ce. Sista ta ce ko ina da wani ƙyalle mai tsabta da za a ɗaure ki da shi. Babu komai a jakata sai alawayyon nan. Na ciro. Ta dube shi, ta dube ni, na san ta gane ko na mene ne. Ta warware shi ta naɗe ki a ƙirjina ta ƙulle ta baya. Ba ki da nauyin komai, amma ina jin bugun zuciyarki a kan tawa. Wani lokaci sai ki manta da numfashi, in shafa tafin ƙafarki yadda aka koya min, ki ja iska ki ci gaba. Kuma tun a lokacin kike da riƙo, don gashin ƙirjina ya sha wahala a hannunki.

Da muka dawo Beli na ci gaba da goyonki a cikin riga, har a ƙofar gida. Abokaina suka sa min suna mai jego. In na zo wucewa majalisa sai wani ya ce, "Malam Isiyaku, ya ruwan zafi?" Da farko abin yana ƙona min rai, daga baya na riƙa amsa musu da "Alhamdu lillahi, jego ya yi kyau." Da suka ga ba na jin haushi suka gaji suka bari.

Na faɗa miki wannan ne saboda na san halinki. Na sha ganinki kina ɓoye abin shaƙarki a cikin hijabi in akwai baƙi, kina danne tari har idonki ya kawo ruwa. A can ba mai lura da ke kamar mu. In ƙirji ya fara, ki fito da maganinki ki shaƙa, ko a gaban malami ne, ko a tsakiyar aji. Ki zauna a layin gaba inda idonki zai kai allo, ki sa tabaranki mai kauri, wanda zai yi dariya ya yi. Kunyar da na ji ta wuni ɗaya ta kusa raba ni da ke, kada ki ɗauki irinta.

Yanzu ga wanda ya fi min nauyi. Kin san yadda ake riƙon tagwaye a wurinmu, komai iri ɗaya, komai daidai. Kakarku Iya, Allah Ya jiƙanta, ta riƙe wannan da gaske, kuma don ƙaunarku ta riƙe shi. Da aka sallame mu, likita ya rubuta miki wani maganin ruwa saboda numfashinki, ke kaɗai. Ya kuma ce a riƙa tatso nono a ɗan kofi ana ƙara miki fiye da Hassana, tunda ba ki da ƙarfin tsotso. Iya ta ga ana ɗura miki ana tsallake 'yar'uwarki, sai ta kira ni ta ce, "Isiyaku, tagwaye ba a nuna musu bambanci. Ka ba wannan ka hana waccan, wadda aka hana ta yi zuciya ta koma inda ta fito." Ni da na ji bayanin likita da kunnena, sai na bi ta Iya, don ni ma a ƙasan raina na yarda da hakan. Muka riƙa raba maganin biyu, nonon kofi ma biyu. Hassana ta sha abin da ba ta buƙata ta yi ta rigima, ke kika sami rabin abin da kike buƙata.

A lokacin kuma an ce mu mayar da ku wurin likitan ido ba da jimawa ba, an nanata min kada in wuce ranar. Ranar ta faɗo a tsakiyar cirar gyaɗa, ga hadari yana haɗuwa kullum, in an bar ta a ƙasa tsirowa za ta yi. Sai na yi dabarar kaina. Na haska wa Hassana tocila, ta ƙifta ido ta juya kai. Ke kina barci a ƙirjin Innarku, ban so a tashe ki ba. Na ce ai ciki ɗaya, rana ɗaya, in idon wannan lafiya na waccan ma lafiya. Muka bari sai da aka gama kai gyaɗa gida.

Da muka je, aka ɗora ki a sikeli aka ga ba ki ƙaru yadda ya kamata ba. Likita ya tambayi yadda aka yi magani ya ƙare da wuri, na gaya masa gaskiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ciki ɗaya suka fito, amma kowacce da nata huhun, kowacce da nata idon." Likitan ido kuma ya duba ya ce na dama za a iya taimakonsa, na hagu an makara. Kin daɗe da sanin cewa haihuwar wuri ce ta taɓa miki ido, kuma haka ne. Amma jinkirin nawa ne. Gyaɗar shekarar ta yi kyau, ga shi yau ko abin da muka yi da ita ba na iya tunawa.

Don haka ki ji ni da kyau. Ranar da asibiti suka ba ki, ki je, ko da jarrabawa ce a ranar, ki sami malamin tun da wuri ki gaya masa. Maganinki ki sha yadda aka rubuta, kada ki rage don kin ji sauƙi, kada ki raba da wata don kin ji tausayin tarinta, ki raka ta asibiti a ba ta nata. Kuma kada ki auna jikinki da na kowa. In 'yan ɗakinku sun yi wanka da ruwan sanyi da asuba sun fita garau, wannan jikinsu ne.

Sanyin farko da kuka gani a duniya ma na yi wani kuskuren. An ja mana kunne kada ku yi sanyi, mu kuma muka wuce gona da iri. Na toshe tagar ɗakin da tsumma, na sa kaskon garwashi a ciki, Iya tana ƙara turaren wuta don ƙamshin jego, ga hayaƙin icen ruwan wankan Innarku yana shigowa ta ƙofa. Ɗakin ya yi ɗumi, ina ta yaba wa kaina. Hassana ba abin da ya same ta. Ke kuwa wata safiya na ɗaga rigarki na ga haƙarƙarinki yana lotsawa ciki duk jan numfashi, leɓenki ya yi duhu. A kan babur muka kai ki Rogo, kina cikin rigata. Tun daga ranar ƙirjinki bai ƙara jure hayaƙi ba.

A ɗakin kwanan ɗalibai za ki tarar da masu kunna maganin sauro mai hayaƙi, da masu girki da risho a rufe, da masu turare. Ba mugunta suke yi ba, kamar yadda ni ma ba mugunta na yi ba. Ki gaya musu tun ranar farko, da fara'a, kada ki jira sai kin faɗi. Gidan sauronki yana cikin kaya, ki ɗaura shi. Ki zaɓi mutum ɗaya mai hankali a ɗakin ki nuna mata inda kike ajiye abin shaƙa. In kika ji ba ki iya ƙarasa magana sai kin tsaya jan iska, ko kin shaƙa maganin bai sake ki ba, wannan ba na jira ba ne, a tafi asibiti a lokacin.

Na ƙarshe shi ne ya kawo mu inda muke. Bayan duk wannan tsoro ya shige ni, sai na koma tsare ki kamar ƙwai. Ba tallar komai, ba ɗebo ruwa, ba zuwa biki Tudun Kaya wurin dangin Innarku in an yi yayyafi. Kuma saboda ban daina ganinku abu ɗaya ba, duk abin da na hana ki sai in hana Hassana, wai don kada ki ji babu daɗi. In ƙirjinki ya tashi kin kwanta, ita ma ba makaranta, ta zauna kusa da ke. Har aji ta maimaita saboda ciwon da ba nata ba. Wata rana, kuna 'yan shekara goma sha, ta same ni ina gyaran garma ta ce, "Baba, ni ƙirjina lafiyarsa ƙalau. Me ya sa kullum nake jinya?" Na kore ta da faɗa.

Ita na tauye ta, ke kuma na koya miki cewa in ciwo ya zo komai tsayawa yake, kowa ya dawo gida a rufe ƙofa. Ko da takardar samun gurbinki ta zo, kin ji abin da na fara cewa, sai dai ku tafi tare. Hassana ce ta sake tare ni. Ta ce, "Baba, ni keken ɗinki nake so, wurin Gwaggo a Karaye. Ita koyarwa take so. Ka bar mu mu zama mutum biyu mana." Wannan karon ban kore ta ba.

To ki saurara, Usaina. Ciwon zai tashi a can, ba na yi miki baki ba ne, kin san shi na san shi. In ya tashi ki je asibiti, ki sa a kira ni, zan hau mota in zo in zauna a bakin gadonki har ki miƙe. Amma akwatinki ya zauna inda yake. In kin warke ki koma aji, ki ari littafin wata ki kwafe abin da ya wuce ki. Kuma ina gargaɗinki da ni kaina. Na san halina, ranar da na ji muryarki a waya tana sarƙewa zan ce ki taho gida ki huta. Kada ki biye min. Ki ce, "Baba, ba haka muka yi da kai ba."

Ran kasuwar da ta wuce na je Rogo saya miki rigar sanyi. Kin san tun kuna cikin zani wurin Malam Tanimu nake yi muku sayayya, kuma tun ranar alawayyo bai ƙara tambayata guda nawa ba. Hula biyu, takalmi biyu, hijabi biyu, launi ɗaya. Na nuna wata mai kauri ruwan toka, ya ciro biyu ya fara naɗewa yana ba ni labarin tsadar taki. Na ce, "Malam Tanimu, ɗaya za ka ba ni."

Hannunsa ya tsaya. Ya ajiye rigar, ya cire hularsa ya mayar, ya dube ni ido ya cika da ƙwalla. A hankali ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Isiyaku, ban ji ba wallahi. Ƙaramar ce?"

Na buɗe baki in yi dariya, sai na tuna. Mutumin nan shi ya yanka min alawayyo, kuma ashe duk shekarun nan yana jiran ranar da zan zo in ce ɗaya. Ban ga laifinsa ba, don ni ma haka nake. Ban taɓa kawo wa raina wata hanyar da zan sayi abu ɗaya ba sai wannan da ya zata. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ƙaramar ce, amma ba abin da kake tsammani ba. Kano za ta tafi karatu, malamar makaranta za ta zama." Ya zauna a kan bencinsa yana ta hamdala yana share ido da hannun riga, masu wucewa suna kallonmu, dattawa biyu suna kuka a kan rigar sanyi.

Innarku tana gaishe ki, ta ce kada ki zauna da yunwa. Hassana ta ce ki kira ta in kin sami sarari, ba sai kina ciwo ba. Ni kuma ina roƙon ki yafe min abin da na rage miki da hannuna.

Allah da Ya riƙe numfashinki lokacin da kike mantawa da shi, Ya ci gaba da riƙe miki shi a inda hannuna ba ya kaiwa. Ya kare ki daga hayaƙi da sanyi da mugun abokin zama, Ya ƙara wa idonki na dama haske, Ya buɗe miki karatu. Ya dawo min da ke lafiya ranar hutu, ba kafin nan ba.

Rigar tana ƙasan akwatin, ƙarƙashin gidan sauro. Guda ɗaya na saya, taki ce.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Malam Isiyaku, mai jego.